Saƙon Gwaggo Rabi a Bangon Biki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya gaban 'yan biki a Manchester ba, makirufo a hannuna, ina rantsuwa da Allah cewa matar da muka binne da hannunmu ce ta aiko mana da saƙo. Har yanzu idan abin ya faɗo mini a rai sai in ja bargo in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bikin Zainab ne, 'yar Gwaggo Rabi, abokiyar wasata tun muna ƙanana. Gwaggo Rabi yayar mahaifina ce, ta rasu bayan doguwar jinya, tun kafin Zainab ta haɗu da wanda za ta aura. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta a Birmingham, ina zaune a Selly Oak, a wani ɗakin sama mai taga ɗaya da ke kallon rufin maƙwabta. (Rabin karatuna a bakin tagar nan na yi shi, ina kallon ruwan sama yana gangarowa, ina haɗa baitocin da ba wanda ya roƙe ni.) Zainab ba ta kirana da sunana, 'Yar Gajimare take ce mini, wai jikina ne kawai a ƙasa.

Da aka sa ranar biki, kowa ya ɗauki aikinsa: masu abinci, masu anko, masu ɗauko baƙi daga tasha. Ni kuwa sai na ce zan yi abin da ba a taɓa yi ba a danginmu. Zan haska bangon hol ɗin, duk mai fatan alheri ya rubuta a wayarsa, saƙon ya bayyana a bango da sunansa. Na ma tsara yadda kalmomin za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar raɓa tana sauka kan ganye.

Zainab ta saurare ni a waya har na gama, sannan ta ce, "Na yarda, 'Yar Gajimare. Amma abu ɗaya nake roƙonki. Ban da hoton Mama, ban da sunanta a bangon nan. Na yi kukana na gama. Idan na fara a hol ɗin, wallahi ba mai iya tsayar da ni. Promise me."

Na yi mata alkawari. Na ce duk saƙon da ya zo da sunan Gwaggo Rabi a sama, ni da kaina zan hana shi fita. Da gaske nake kuma, don na san yadda ta kwanta rashin lafiya bayan rasuwar, na san yadda aka sha wahala kafin ta dawo tana dariya.

Bari in ɗan bayyana yadda na haɗa abin, don a gane inda na faɗi. A cikin kwamfuta akwai wata hanya da manhajoji ke miƙa wa juna magana, ana ce mata pipe. Kamar bututu take: ka zuba a wannan baki, ya fita a wancan. Sai na sa ƙananan manhajoji da yawa suna karɓar saƙonni daga wayoyin mutane, dukkansu suna zubawa a bututu ɗaya. A ƙarshen bututun kuma akwai guda ɗaya mai ɗiba tana rubutawa a bango. Na koya mata cewa duk abin da ya zo kafin ɗigo biyu na farko, sunan mai saƙo ne, sauran kuma saƙonsa. Na gwada da 'yan gidan hayarmu, Turawa biyu da wata 'yar Indiya, komai ya tafi sumul. Abin da ban lura da shi ba shi ne, su idan za su taya murna, kalma uku suke rubutawa su ƙara alamar sumba, shi ke nan.

Ana gobe zan tafi na biya wajen Gwaggo Hadiza, ƙanwar marigayiya, wadda ita ma a Birmingham take. An yi mata aikin gwiwa, ba za ta iya shiga jirgin ƙasa ba, kuma abin ya dame ta sosai. Na same ta a kujera, ƙafa a miƙe kan matashi, carbi a hannu. Na nuna mata yadda za ta aiko da nata saƙon daga inda take zaune.

"To har nawa zan iya rubutawa?" ta tambaye ni.

"Iya son ranki, Gwaggo. Ba iyaka."

(Wannan jimlar ce, daga baya, ta fi kowacce cizona.)

Da na tashi tafiya sai ta zaro wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin matashi, an naɗe shi da tsohon ɗankwali mai ƙamshin turaren wuta. Ta ce, "Ki ba Zainab hannu da hannu kafin ta shiga hol. Kin ji ni, ko kina can sama?" Na ce na ji. Na jefa shi can ƙasan jakar laptop ɗina, na fita cikin yayyafi, kafin in kai tashar bas har na fara tunanin wane launi ya fi dacewa da haruffan bango.

Ranar biki gari ya tashi da hazo. Daga tagar jirgin ƙasa ban ga komai ba sai inuwar bishiyoyi marasa ganye suna wucewa kamar mutanen da suka tsaya jiran wani. Hol ɗin da aka kama tsohuwar masaƙa ce aka gyara, ginin jan bulo mai dogayen tagogi, rufinsa can sama har murya na ɓacewa kafin ta kai. Lokacin sanyi ne, ana idar da la'asar duhu ya fara shigowa. Bututun ɗumama ɗaki na jikin bango yana ƙwanƙwasa kansa jefi-jefi, kamar wani yana neman a buɗe masa. Na ajiye laptop a wani ɗan tebur a kusurwa, na tura jakar ƙarƙashinsa, na roƙi a rage fitilu don rubutun ya fito sosai. Ni na roƙa. Duk abin da ya sa wurin ya yi kama da gidan fatalwa, da hannuna na shirya shi.

Da farko abin ya yi kyau har na ji ƙwalla. Amarya da ango na zaune a gaba, Zainab cikin leshi ruwan zuma, tana murmushi. Saƙonni na sauka a bango kamar yadda na yi mafarki. Sai MC ya ɗauki makirufo ya ce, "Iyayenmu mata, ina kuke? Ku nuna wa yaran nan yadda ake addu'a!"

Na ga kawuna sun sunkuya kan wayoyi a kowane tebur. A nan ne na fara sanin mutanena. Bahaushiyar uwa ba ta taya murna da kalma uku. Sai ta yi sallama, ta gaida iyayen amarya, ta gaida na ango, ta tambayi gajiyar biki, sannan ta shiga wayarta ta kwaso doguwar addu'ar da aka turo mata a rukunin unguwa, da Larabcinta da fassararta, ta liƙa gaba ɗaya. Bangona kuwa yana nan yana sakin kalma ɗaya-ɗaya kamar raɓa, alhali a bayansa ambaliya ce ta taru.

Can sai sunan Gwaggo Hadiza ya fito, da addu'o'i shafi guda, haruffan sun ƙanƙance don su samu wuri. Mutane suka ce amin ba tare da sun karanta ba, suka koma kan shinkafarsu. Na lura addu'ar ta ƙare da wani abu wanda bai yi kama da ita ba, wai "congrats Aunty Zee", har wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya ta ce nata ne. Ban kawo komai a raina ba. Ina tsaye kusa da tebur ina sha'awar aikina.

Sai bangon ya yi fari na ɗan lokaci. A wurin suna, wasu baƙaƙen alamu suka fito, masu siffar lu'ulu'u da alamar tambaya a cikinsu, irin waɗanda ban taɓa sa wa manhajata ba. A gefensu kuma, suna ɗaya: Rabi.

Kalmomin suka fara sauka a hankali.

"Ina jin sanyi."

Cokula suka daina ƙara. Wata tsohuwa a tebur na gaba ta ce, "Wace Rabin?"

"Ina Zainab? Ku matso da ita kusa in gan ta."

Bututun bango ya ƙwanƙwasa. Na ji gashin jikina ya tashi tun daga wuya har gadon baya. Haka Gwaggo Rabi take magana, haka take cewa "ku matso da ita" tun Zainab na rarrafe. Na dubi amarya. Murmushin yana nan a fuskarta, amma ya daskare, idanunta a bango, hannunta ya damƙe hannun kujera.

"Ranar aurenta ku sa mata awarwarona. Kada ta bar gida ba su."

Wata mata ta saki salati da ƙarfi. Baban Zainab, likita ne mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe tsaye yana cewa, "Wane ne wannan? Wane marar tsoron Allah ne?" Ni kuwa ban san lokacin da na yi tsalle na fizge wayar da ta haɗa laptop da na'urar haska bango ba. Bangon ya mutu. Hol ɗin ya ƙara duhu.

Nan take na duba sunayen duk waɗanda suka aiko da saƙo tun safe. Na bi su daga sama har ƙasa, na sake bi. Babu Rabi. Babu ko mai kama da Rabi. Saƙon ya fita daga bututun, amma ba wanda ya zuba shi.

A nan ne mai hankali zai zauna ya yi tunani. Ni kuwa sai na rufe laptop ɗin, na cire mayafina na lulluɓe shi, kamar yadda ake lulluɓe mamaci. (Har yau ban san me na so in hana fita ba.) Sannan na taka har gaba, kaina ba mayafi sai ɗaurin ɗankwali, na karɓi makirufo daga hannun MC, wanda ya sake mini shi ba musu.

"Jama'a," na ce, "ni na haɗa wannan abin da hannuna. Na san kowane lungu nasa. Wallahi tallahi na duba, babu wani mai rai a cikin ɗakin nan ko a wajensa da ya aiko da wannan saƙo."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma baitocin da na tara a bakin taga suka ga ƙofa a buɗe. Na ce wataƙila tsakaninmu da waɗanda suka tafi labule ne kawai mai shara-shara. Na ce wataƙila ƙaunar uwa ba ta san ƙasa ta rufe ta ba. Ina faɗa ina hawaye. Wani dattijo daga dangin ango ya daka mini tsawa, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah! Matattu ba sa aiko da saƙo!" sannan ya juya ya fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi yana tofawa wajen teburina. Yaran da aka haifa a nan suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, ina jin ɗaya yana cewa, "Nah, this is mad." Zainab kuwa ta sunkuyar da kai, kafaɗunta sun fara rawa. Abin da ta roƙe ni kada ya faru, ga shi yana faruwa, kuma ni ce riƙe da makirufo.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Anti Bilkisu ce, yayar ango, injiniya ce da ke kula da manyan kwamfutoci a wani kamfani a Salford. Ta zare makirufon daga hannuna a hankali, ta kashe shi, ta ja ni zuwa kusurwa. Ta ɗaga mayafina daga kan laptop da yatsu biyu ta miƙo mini.

"Rufe kanki tukuna, ƙanwata. Yauwa. Faɗa mini, manhajoji nawa ke rubutu cikin pipe ɗin nan?"

"Da yawa, Anti."

"Pipe ɗaya?"

"Ɗaya."

"Kin sa su bin layi? Ko kin sa iyaka ga tsawon saƙo?"

Muryata ta dawo mini daga falon Gwaggo Hadiza: ba iyaka.

"Four thousand and ninety-six," ta ce, tana kallona ta saman tabarau. "Ba a koya muku ba?"

An koya mana. Na ma tuna ranar, ana ruwa, ina kallon taga. Kernel, wato zuciyar tsarin kwamfuta mai raba wa kowa aiki, alkawari ɗaya ya yi game da bututun nan. Idan abin da ka zuba a tashi ɗaya bai wuce bayit dubu huɗu da casa'in da shida ba (bayit shi ne ma'aunin yawan rubutu a kwamfuta), zai shigar da shi a dunƙule, ba wanda zai ratsa tsakiyarsa. Idan ya wuce haka, babu alkawari. In bututun ya cika, sai ya shigar da abin da ya samu wuri, ya dakatar da kai, ya bar wani ya zuba nasa, sannan ya dawo kan ragowar naka. Bututuna kuwa ya cika maƙil, saboda iyayenmu na zuba addu'a da bokiti, ni kuma ina ɗiba da cokalin shayi don kalmomi su yi kama da raɓa.

Anti Bilkisu ta buɗe laptop, ta nemo saƙon Gwaggo Hadiza yadda ya iso kafin ya shiga bututu, ta juyo mini da fuskar. Ga dogayen addu'o'in. A ƙarshensu Gwaggo ta rubuta cewa akwai amanar da ta daɗe tana riƙe da ita, ga abin da yayarta ta faɗa mata a asibiti. Ta sa ɗan hoton tafukan hannu masu addu'a, sannan ta rubuta Rabi, ta sa ɗigo biyu. Daidai tsakiyar tafukan nan aka yanka saƙon, shi ya sa suka fito baƙaƙen alamu. Saƙon yarinyar nan ya shiga tsakani ya manne a jikin rabin farko. Ragowar saƙon Gwaggo ta fito ba kai, manhajata kuma ta yi abin da na koya mata, ta ɗauki abin da ke gaban ɗigo biyu ta ce shi ne mai magana.

"Karanta ci gaban," in ji Anti.

Na karanta. "Haka ta ce mini, kwana kaɗan kafin Allah Ya karɓi abinsa. Na cika alkawari, na aiko miki da su. Allah Ya ba ku zaman lafiya. Innarki Hadiza."

"Da kin bar shi ya ƙara numfashi biyu," ta ce, "da bangon ya faɗa wa kowa da kansa. Ke kika cire waya."

Idona ya tsaya kan kalma biyar: na aiko miki da su. Na durƙusa a hankali na jawo jakata daga ƙarƙashin tebur. Ƙullin yana nan a ƙasa, ƙarƙashin cajar laptop, yana ƙamshin turaren wuta. Da na ɗaga shi sai na ji wani ɗan amo a ciki, siriri, irin wanda muke ji a da idan Gwaggo Rabi tana tuƙa tuwo.

Anti Bilkisu ce ta yi wa jama'a bayani, a taƙaice, ba ta ambaci sunana ba (ba ta buƙata, kowa ya gan ni). Aka mayar da waya, aka haska saƙon cikakke. Dattijon nan ya tsaya da tofi, ya ce, "Ai na faɗa," ya koma kan namansa. Ni kuma na ratsa tsakiyar hol ɗin, tafiyar da ta fi kowacce tsawo a rayuwata, na durƙusa gaban amarya na miƙa mata ƙullin hannu da hannu, kamar yadda aka umarce ni tun jiya.

Ta kwance ɗankwalin. Awarwaro ne na zinariya, sirara, duk sun goge saboda daɗewa a hannu. Ta yi kuka, kukan da ta ce ba mai iya tsayarwa, kuma ba wanda ya yi ƙoƙarin tsayar da ita. Babanta ne ya zura mata su ɗaya bayan ɗaya, shi ma fuskarsa a jiƙe. Da ta samu numfashi sai ta kamo kunnena ta jawo ni kusa.

"Abu ɗaya na roƙe ki, 'Yar Gajimare. Ɗaya tak."

"Ki yafe mini."

"Labule mai shara-shara," ta ce, tana dariya tana sheshsheƙa. "Wallahi sai jikokinki sun ji wannan."

Ba ta yi ƙarya ba. Bidiyon ya riga ni isa Birmingham. Da na je gaida Gwaggo Hadiza, tun daga ƙofa ta ce, "A'a, ga mai magana da lahira! Shigo, ki gaya mini me na ce daga kabari." A rukunin danginmu kuwa, duk wanda wayarsa ta yi gardama sai a ce ya kawo mini in lulluɓe ta da mayafi.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba sai Anti Bilkisu, da muke naɗe wayoyi bayan an watse. Na ce mata, da saƙon ya fito cikakke, da ba wanda zai karanta shi har ƙasa, amin kawai za a ce. Da ƙullin ya kwana a jakata, da Zainab ta tafi gidan miji ba awarwaron. Na ce, cikin duk wuraren da yankan zai iya faɗawa, me ya sa ya faɗa daidai gaban sunanta?

Ta ce, "Lissafi ne. Ƙirga bayit ɗin, za ki ga nan ya cika." Ta ci gaba da naɗe waya. Can ta dubi dogayen tagogin da duhu ya cika, ta ƙara da cewa, "Amma dai ɗauko jakarki mu fita daga nan."

Yanzu duk bututun da na haɗa, sai na auna abin da zan zuba, in ya yi tsawo in sa masu zubawa su bi layi. Ba na kuma ce wa Bahaushiyar uwa ba iyaka. Babban darasin dai ba na kwamfuta ba ne. Na'ura ta katse Gwaggo sau ɗaya, tana da uzuri, tun farko ta faɗi iya abin da za ta iya ɗauka. Ni na katse ta na biyu, ba uzuri, na kuma ɗauki makirufo. Don haka ko daga ina magana ta fito, ko daga bango ne, ina bari ta kai aya kafin in yi salati. Idan kuma aka ba ni saƙo aka tambaye ni ko ina can sama, sai in sauko in duba jakata.